Jakar Ɗan Bilma

A lisenmu, babbar makarantar sakandare ta Agadas, ba a raba wa ɗalibai littattafai. Malami ne ke tsayawa gaban allo yana faɗa muna rubutawa, abin da hannunka ya kama cikin littafin rubutunka, wanda muke kira kaye, shi ne duk abin da za ka shiga jarrabawa da shi. Wanda ya yi rashin lafiya sati guda sai ya ari kayen na kusa da shi ya kwafe. Ba a hana aron kaye. Ko wanda kuka yi faɗa da shi jiya, in ya ce ba ni kayenka na tarihi, miƙa masa kake yi, in ya so ku ci gaba da gabarku bayan ya maido. Haka muka tarar, haka kowa ke yi. Ni ne na karya wannan al'ada a ajinmu, kuma labarin da nake so in rubuta ke nan.

Shekara uku muka yi kan tabul ɗaya da ɗan Bilma. Yana da suna, amma ba mai kiransa da shi. Dogo ne siriri, ya girme mu da shekara biyu, Hausarsa da ɗan nauyin Barbarci, in ya yi magana sai 'yan bayan aji su maimaita da irin muryarsa. Ba ya fushi. Mahaifinsa mai haƙar gishiri ne, yana kuma da 'yan itatuwan dabino. Ya damƙa shi hannun wani ɗan kasuwa na nan garin da ke sayen kayansa, a gidan mutumin yake kwana, cikin ɗakin ajiya, tsakanin buhuna. Idan ya je hutu ya dawo sai ya ciko aljihu da dabino, ya riƙa miƙo mini ta ƙarƙashin tabul lokacin darasin falsafa, ina ci ina tara ƙwallayen a tafin hannu.

Ya taɓa maimaita ajin farko na lise, don a shekarar ya zo a makare ƙwarai, ya daɗe a gida yana jiran babbar motar da za ta keto sahara da shi. A dokar makaranta sau ɗaya ake maimaitawa. Mu kuwa muna tarminal, ajin ƙarshe, jarrabawar bak, ta gama sakandare, na gabanmu. In ya faɗi ba za a sake karɓarsa ba, makarantar kuɗi kuma ba ta ɗan mai haƙar gishiri ba ce. Kowa a aji ya san haka. Ni na fi kowa sani, don ni yake faɗa wa.

Littattafansa sun fi na kowa kyau. Rubutu ƙanana a jere, kan magana da jan bik, wato biro, a gefe kuma ya ƙara abin da malami ya faɗa da baki bai ce a rubuta ba. Tun ranar da akuyar maigidansa ta cinye masa rabin kayen labarin ƙasa, bai sake barin ko ɗaya a gida ba. Wani tela ya ɗinka masa jaka da buhun shinkafa, ya sa mata maɗauri, kullum sai ya zuba su duka ya rataya, ko da darasi biyu ne a ranar. Yana shigowa aji kafaɗa a karkace sai in ce:

"Ɗan Bilma, yau ma ayari ya iso?"

"Ya iso, delege. Raƙumi ɗaya ne ya ɓata, sai ga shi na tarar da shi kan tabul ɗina."

Delege yake kirana don ni ne wakilin ajinmu a ƙungiyar ɗalibai. Ni ɗan tsohon gari ne, mahaifina baduku, kusa da gidanmu yake ɗinkin takalma da jakunkuna. Ba ni da kan lissafi, ba ni da haƙurin zama, amma ina da baki. Ranar da na fara hawa tsohuwar tayar mota da ke ƙarƙashin dogon yaro a tsakiyar makaranta, na ce "Kamarad!" ɗaruruwan baki suka amsa, na ji wani daɗi da ban taɓa samun irinsa a aji ba. Daga nan kullum ina taro. Yau kwamiti, gobe zuwa wata makaranta, jibi rubuta takardar koke. Darussan da suka wuce ni kuwa ba na damuwa, jakar buhun shinkafa na nan. Ko tambaya ba na yi, sa hannu nake in zaro wanda nake so. Fiye da rabin abin da ke cikin littattafaina na wannan shekara daga nasa na kwafe.

Yajin karatunmu yana da tsari. A yi fito sau uku daga tsakiyar fili, sannan a watsa tsakuwa kan rufin kwano. Da malami ya ji ƙarar sai ya tattara allinsa, don ya san magana ta ƙare. Kowa ya fito, babba da ƙarami, wanda ya san dalili da wanda bai sani ba.

Kokenmu na wannan karo gaskiya ne, ba zan ce ƙarya ne ba don in ƙara wa kaina laifi. Malamin fizik ya tafi tun farkon shekara ba a kawo wani ba, ƙananan azuzuwa kuma cikin rumfar zana suke ga zafi ya shigo. Kwamiti ya yarda a fita, rana ce kawai ake gardama a kanta. Shugabanmu ya ce Alhamis, don a samu lokacin sanar da sauran makarantu. Ni na ce Talata. Na kawo dalilai har huɗu, na manta su duka yanzu, amma a lokacin sun shiga kunnen mutane, aka ɗaga hannu aka bi ni. Dalilin da ban faɗa ba shi ne ranar Talata da safe muna da babban gwajin lissafi, ni kuwa ban buɗe kaye ba.

Ranar Litinin da aka fita shan iska na tarar da ɗan Bilma a aji shi kaɗai yana bitar lissafin. Na dafa kafaɗarsa.

"Kada ka wahalar da kanka, mai gishiri. Gobe babu gwaji."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce. Na gyara mana."

Na yi dariya, ina jiran shi ma ya yi. Ya ɗago ya dube ni.

"Saura wata biyu, delege. Sau huɗu aka fita bana, ka ga malamin fizik?"

"To sai mu zauna a ci gaba da raina mu?"

"Ni dai ban ce komai ba."

Ya mayar da kai kan takardarsa. Na fita ina jin haushin kaina da na faɗa masa.

Da safe malamin lissafi ya raba takardu. Gajeren dattijo ne mai furfura, ba ya ɗaga murya, Mushe kawai muke ce masa. Na rubuta sunana a sama, na zauna ina kallon taga. Rabin sa'a bai cika ba fito ya tashi, tsakuwa ta sauka kan kwano. Aji ya ɗauki ihu, aka yi waje, ni ne a gaba. Sai da na kai gindin dogon yaro wani ya ce mini akwai wanda bai fito ba a ajinku.

Na koma da mutum biyar ko shida a bayana. Ɗan Bilma ne, yana zaune a wurinsa yana rubutu. Mushe na tsaye jikin allo, ya harɗe hannu.

"Kamarad, ba ka ji fito ba?"

"Na ji."

"To tashi."

"Bari in gama tambaya ta biyu."

Na bayana suka fashe da dariya. Ban sani ba ko shi suke yi wa ko ni, amma a jikina na ji ta. Na matsa kusa da shi.

"Ana maganar haƙƙin ɗalibai kana maganar tambaya ta biyu?"

Ya ajiye bik. Ya yi ƙasa da murya, don ni kaɗai yake so in ji.

"Ni da kai mun san abin da ya sa aka zaɓi Talata."

Wani daga bakin ƙofa ya ce, "Me ya ce? Delege, me ya ce?"

Jakar tana ƙarƙashin tabul inda take kullum. Na sunkuya na fizgo ta. Mushe ya ce, "Kai, ajiye wannan jaka," karon farko da na ji ya ɗaga murya, amma na riga na fita. A lokacin ana gina wani sabon aji kusa da namu, magina sun gudu da suka ji ihu, sun bar babban tanon ruwansu, wato duro, wanda suke wanke shebur da kwanon kwaɓi a ciki. Ruwan ya yi kauri da siminti, toka-toka. Shekaru da yawa ina gaya wa kaina tsorata shi kawai na so in yi, jakar ce ta kuɓuce. Ba ta kuɓuce ba. Na saka ta, ta ƙi nutsewa, na ɗauki guntun katako na danna ta har ƙasa. Jama'a suka yi shewa.

Ɗan Bilma ya riga ya biyo ni da gudu, mutum biyu suka riƙe shi. Bai zagi kowa ba, cewa kawai yake, "Ku bari in ciro, ku bari in ciro." Na ce tun da ya ƙi fitowa da ƙafarsa, shi zai shiga gaba. Muka sa shi a sahun farko muka fita cikin gari, muna waƙe-waƙenmu, muka zaga har rana ta take. Duk wannan lokaci jakar na cikin tano. Sai da aka watse wajen azahar ya samu ya koma, shi da mai gadin makaranta suka ciro ta.

Mai gadin ne ya ba ni sauran labarin daga baya, ba don na tambaya ba. Ya ce yaron ya jera littattafan kan katanga ɗaya bayan ɗaya, yana ƙoƙarin raba shafuka da tsinke, suna yagewa a hannunsa. Waɗanda bai kai gare su ba kuwa ranar Agadas ta busar da su kafin la'asar, suka ƙame, kowane kaye ya zama dunƙule guda. In ka tilasta ka buɗe, fuskar takardar ce ke ɓarewa da rubutun. Karatun wata bakwai ke nan.

Washegari surbeyan, mai kula da tarbiyyar ɗalibai, ya kira mutane ɗaya ɗaya yana tambayar wanda ya yi. Ba wanda ya faɗa. Mushe ya ce ya ga na fita da jaka, amma bai ga abin da ya faru a waje ba. Na ce ajiye ta na yi bakin ƙofa. Aka kira ɗan Bilma, ya ce an riƙe shi, bai gani ba. Ya gani sarai. Da na ji haka ya kamata jikina ya yi sanyi, sai tsoro ya ƙara kama ni. Mutumin da ya rufa mini wannan asiri yana riƙe da wani, na maganar Talata, kuma in ya faɗa wa mutum ɗaya na sauka daga kan taya ke nan har abada. Dabarar da ta zo mini ita ce in sa kowa ya daina sauraronsa.

A taron ranar na hau taya na yi magana mai tsawo kan maci amana. Na ce wanda ya zauna a aji ranar yaji ya sayar da 'yan rumfar zana. Na ce daga yau ba mai yi masa magana, ba mai zama kusa da shi, ba mai ara masa komai. Wani yaro ɗan ajinmu, mai yawan barkwanci, ya ce daga baya:

"Delege, har da kaye?"

Kowa ya san ba a taɓa yin haka ba. Da na ce ban da kaye, da ba wanda zai ce uffan, da an ma ji daɗi.

"Har da kaye," na ce.

Aka ɗaga hannu. Na bi su da ido don in ga wanda bai ɗaga ba.

Bayan sati guda muka koma aji, babu malamin fizik, babu abin da ya canza. Na kwashe kayana na koma bayan aji, na ukunmu ma ya tashi, aka bar shi shi kaɗai kan tabul na mutum uku. Ya zo da sabon kaye guda ɗaya mai kauri, ya raba shi kashi-kashi, yana rubuta sababbin darussa daga gaba, daga baya kuma yana ƙoƙarin rubuta abin da ya tuna na tsofaffi. Tarminal ɗin kimiyya ɗaya ce tak a makarantar, babu wani aji da zai je ya roƙa. Akwai mai fotokofi kusa da kasuwa, amma sai ka samu kayen da za ka kai masa. Mushe ya riƙa ba shi tsofaffin takardun gwaji, lissafi dai da sauƙi. Sauran malamai da ya je wurinsu kowa ya ce ya ari na abokansa, don a saninsu haka ake yi, bai kuma gaya musu an hana ba. Malamin tarihi ya taɓa tsayawa tsakiyar darasi ya ce wani ya ba wannan yaro kaye mana. Ba wanda ya motsa. Wasu suka waiwayo suna kallona, ni kuma na dubi allo.

Mutum ɗaya ce ta yi ƙoƙari. Wata yarinya ce mai zama a layin gaba, mahaifinta yana aiki a ma'adanar gawayi ta Anu Araren, ita tana zaune wurin gwaggonta a gari. Ba ta cika magana ba. Wata rana da aka tashi ta bar kayenta na ilimin halittu kan taga, kamar mantuwa. Kwana biyu bayan haka na hangi koren bangonsa a hannunsa, na gane shi. Na jira aka fita shan iska, inda mata ke sayen ƙosai da ruwan sanyi, mutane cike, na tsaya gabanta.

"Kamarad, kayenki ya ɓata ne?"

"Bai ɓata ba."

"A'a, na gan shi a wani hannu ne. Ko dai akwai wata magana tsakaninku da ɗan Bilma da ba a gaya mana ba? A faɗa mana mu fara tarin gishirin biki."

Samari suka kwashe da dariya, wani ya yi guɗa irin ta mata. Na san abin da irin wannan magana ke yi wa yarinyar da ke zaune a gidan da ba na iyayenta ba, shi ya sa na zaɓe ta. Ta dube ni ido cikin ido.

"Kai ko kunya ba ka ji? Da me ka cika naka littattafan?"

Ta wuce. Amma a ranar ta karɓi kayenta, ba ta sake mantuwa kan taga ba. Babi biyu ya samu ya kwafe.

Saura kamar sati biyar a shiga jarrabawa ɗan Bilma ya zo gidanmu. Bayan la'asar ne, zafi bai sauka ba, ina kwance a zaure da kayen falsafa kan ƙirji. Ya yi sallama. Ya san gidan, ya sha cin tuwo a nan. Innata ta ji muryarsa ta leƙo.

"A'a, ɗana na Bilma! Ina ka shiga haka? Ko mun yi maka laifi ne?"

"Babu laifi, Inna. Karatu ne ya yi yawa."

"Ga shi kuwa duk ka rame. Zauna in kawo maka ruwa."

Ta kawo ruwan randa ta koma ciki. Ya sha rabi ya ajiye kwanon. Bai zauna kan tabarmata ba, ya tsuguna bakin ƙofa.

"Delege, ba rigima ta kawo ni ba. Kwana uku kawai. Tarihi da falsafa da halittu. In kai wa mai fotokofi ma yini ɗaya ya isa."

"Ka san abin da taro ya yanke."

"Taro ba ya nan. Ni da kai ne."

"In aka ji fa? Ni da na kawo maganar, ni zan fara karyawa?"

"Wa zai ji? Ni na taɓa faɗin wani abu naka?"

Littattafan suna nan cikin alkuki, kusa da kansa, da ya miƙa hannu zai taɓa su. Ya dube su ya kau da kai.

"Abin da ke ciki ai ka san inda ya fito," ya ce. "Ba ina gori ba ne. Ina so ne in ga rubutuna ko da a hannun wani."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ji zuciyata ta ce tashi ka ba shi, ban kuma san abin da ya riƙe ni ba in ban da cewa ba shi ɗin yana nufin na yarda duk abin da na yi tun ranar Talata ƙarya ne. Na kasa yarda da haka ko a zaure, ko a gaban mutum ɗaya.

"Bari in yi shawara da kwamiti," na ce. "Zan neme ka."

Ya gane. Ya miƙe ya karkaɗe wandonsa. Inna ta fito da ƙullin dambu a leda ta tura masa a hannu, ya yi godiya har da rusunawa, ya tafi. Ta tambaye ni me ya kawo shi, na ce gaisuwa ce kawai. Ta ce yaron kirki, Allah ya ba ku sa'a tare. Na ce amin.

Ban kai maganar kwamiti ba, ban neme shi ba. A sauran kwanakin ni ma na daina taro na duƙufa kan karatu, don tsoron bak ya kama ni. Ina karanta darussan ina cin karo da 'yan ƙarin bayanin da yake sa wa a gefe, waɗanda na kwafe ba tare da na kula ba. Da su na fahimci abubuwa da yawa da ban gane a aji ba.

Muka yi jarrabawa. Ranar sakamako aka tara mu a filin makaranta, iyaye da 'yan uwa sun cika bakin ƙofa, shugaban masu gyara ya fito da takarda yana kiran lamba da suna. Duk wanda aka kira sai ihu ya tashi a wani gefe. Lambarsa tana gaban tawa da kaɗan, na san ta. A jerin waɗanda suka ci kai tsaye aka tsallake mu duka biyu. Aka shiga jerin waɗanda za su sake gwaji da baki, aka zo wurin lambarsa aka wuce, sannan aka kira tawa. 'Yan kwamiti suka ɗaga ni sama suna "Delege! Delege!" Daga can sama na hange shi tsaye jikin sabon ajin da aka gama ginawa, shi kaɗai, yana sauraro har aka kai ƙarshen takarda, ko an yi kuskure. Da aka naɗe takardar ya juya ya fita ta ƙaramar ƙofa. Mushe ya gaya wa wani, wanin ya gaya mini, cewa a lissafi ya fi kusan kowa, tarihi da falsafa da halittu ne suka ja shi ƙasa, kuma abin da ya rage masa ya shiga jerinmu kaɗan ne.

Bayan kwana uku na ci nawa da ƙyar. Inna ta yi fura ta raba wa maƙwabta. Ta ce in kira ɗanta na Bilma, na ce ya riga ya tafi. A lokacin bai tafi ba, ya yi kusan sati biyu a gari yana jiran mota, na sani, na riƙa kauce wa layin gidan maigidansa.

Bak ɗin bai kai ni ko'ina ba. Na yi shekara ɗaya a jami'a na kasa, na dawo, yau ina tsaron kantin kayan gini na wani. Ba na faɗin haka don a ce an rama masa, abin da ya same ni lalacina ne, bai kuma mayar masa da komai ba. Shi kuwa na ji yana can garinsu, ya gaji ramukan gishirin mahaifinsa, yana da iyali. Mutumin da ya fi mu duka kan lissafi.

Na yi shekaru ina cewa zan je. Hanyar da nisa, kullum da dalilin fasawa. Bara dai na samu wani mai kawo dabino daga can wanda ya san shi, na zaunar da shi a kanti na ba shi saƙo da baki, don na kasa rubutawa. Na ce ya gaya masa delege ne, na ajinsu. Ya ce masa ni na saka jakar da hannuna, ni na zaɓi Talata don gwajin lissafi, ban kuma taɓa kai maganarsa kwamiti ba. Ya ce masa ina roƙon ya yafe mini. Mutumin ya maimaita sau biyu don kada ya manta.

Wata huɗu kafin ya dawo. Na gan shi yana sauke buhuna, na bar kanti a buɗe na je. Muka gaisa, na tambayi hanya, na tambayi mutanen gida, sannan na ce saƙona fa.

"Na faɗa masa, duk yadda ka ce."

"Me ya ce?"

"Yana cikin aiki ne lokacin. Ya tsaya ya saurara har na gama."

"Sannan?"

"Ya ce in gaya maka ya ji."

Na tsaya ko akwai saura. Mutumin ya ce iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya sunkuya ya ɗauki wani buhu.